Wanda ya ajiye kare da kyanwa ya ɗauki nauyinsu gaba ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan wani abu da ba a rasa shi a kowace unguwa ta Garwa, Marwa, Ngaundere da Kusiri, har tsallaken kogi a Njamena, amma ba kasafai ake zama a tattauna shi ba, wato zaman kare da kyanwa a cikin gida. Mu ma'aikatan lafiyar dabbobi ne. Abin da muke so mu faɗa shi ne, yawancin laifin da ake ɗora wa waɗannan dabbobi, daga cizo zuwa kaska da tsutsar ciki, tushensa ɗaya ne: riƙon sakainar kashi. Mutum zai ce "karenmu ne" ko "magenmu ce", alhali abincinsu a juji yake, ruwansu a kwata, kwanansu duk inda dare ya riske su. Dabbar da ke yini a bola ta dawo ta kwanta kusa da randa, duk abin da ta kwaso a waje cikin gida za ta sauke shi.

Fatawa fagen malamai ne, ba namu ba. Amma kowa ya san an yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da na gadin gida, kyanwa kuwa ba najasa ba ce. Kowa kuma ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan ba dole ba ne a ajiye su, amma wanda ya ajiye ya ɗauki amana.

Mu fara da ciki, don daga nan yawo yake farawa. Karen gida irin namu mai nauyin kilo 15 yana bukatar abinci kimanin giram 600 a rana, a raba masa biyu, safe da yamma. Kashi biyu cikin uku tuwo ne, na dawa, masara ko shinkafa. Kashi ɗayan kuma nama ko kifi dafaffe, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa. Ragowar tuwo da miya kaɗai ba ya riƙe kare, shi ya sa za ka gan shi da haƙarƙari a waje, gashi a tsaitsaye, yana bin kaji yana shan ƙwai. Hanyar ganewa ba wuya: ka shafa gefensa, ya kamata hannunka ya ji haƙarƙari amma idonka kada ya ƙirga su daga nesa. Kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa uku sau huɗu yake ci a rana, daga wata uku zuwa shida sau uku. Tuwo da tsokar nama ba su da sinadarin gina ƙashi, don haka kwikwiyon da aka raina da su kaɗai ƙafafunsa kan lanƙwashe. Maganin wannan yana cikin madafa: a wanke ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi ya yi laushi, a barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a abincin rana. Karya mai shayarwa kuwa takan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba, kuma idan ba ta samu ba, ita ce za ka tarar ta buɗe tukunya.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce. Halittarta ta cin nama ce zalla, kuma akwai wani sinadari da ake kira tawurin wanda jikinta ba ya haɗa isasshe, sai daga nama da kifi take samunsa. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yakan mutu a hankali, zuciyarta ta raunana. Babbar kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana bukatar nama ko kifi giram 120 zuwa 150 a rana. Masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera sun yi kuskure. Farauta ɗabi'arta ce, ko a ƙoshe take za ta yi. Mai yunwa kuwa gidan maƙwabta take komawa, ko ta faɗa wa 'yan tsaki da tantabaru. Madarar shanu ɗanya tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, kindirmo kaɗan ya fi sauƙi a cikinsu. Hanta ma ba a mai da ita abincin kullum, sau ɗaya a mako ya isa.

Akwai abubuwan da ke cikin abincinmu waɗanda guba ne gare su. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa ƙwayoyin jininsu, kyanwa ta fi saurin kamuwa. Saboda haka miyar da ta sha albasa da yaji ba tasu ba ce, a cire musu tuwo da nama kafin a haɗa. Goro da cakulan suna sa zuciyar kare bugawa da sauri har ta kai ga jijjiga. Ƙashin kaza da aka dafa ko aka gasa yana tsagewa ya zama tsinke, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji, haka ma ƙayar tarwaɗa da karfasa.

Inda muke so mahauta da masu layya su saurara da kyau shi ne batun kayan ciki. Wani lokaci idan aka feɗe tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi, akan ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a jikin huhu ko hanta. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. To wannan ƙullin cike yake da 'ya'yan wata ƙaramar tsila. Kare ya ci, tsilar ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna wata alama ba, sannan ya riƙa zubar da ƙwanta a kashinsa. Ƙwan ya hau ciyawa dabbobi su ci, ya manne a gashin kare yaro ya shafa ya kai hannu baki. A jikin mutum ƙullin yakan tsiro a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma shiru, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Haka kan tunkiya mai ciwon juwa, wadda ke zagaye wuri ɗaya: ƙullin yana cikin ƙwaƙwalwarta, kuma ta hanyar kare cutar ke komawa garke. Duk kayan cikin da ke da ƙulli a ƙone shi ko a binne shi da zurfin da kare ba zai tono ba. Wanda ba shi da ƙulli ma a tafasa shi minti 30 kafin a ba shi.

Masu zama bakin ruwa suna da nasu na daban. Tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a Cadi, musamman a garuruwan bakin kogin Shari, kuma a 2019 karnukan da aka samu da shi sun haura 1,900, har da kyanwoyi. Kamaru ta samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2007, amma ga shi ya sake ɓullowa a jikin karnuka a yankin Gere na Jihar Arewa Mai Nisa, kusa da kogin Logon. Masu binciken cutar suna danganta abin da ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi da ake zubarwa karnuka su ci. Tsutsar takan yi wata 10 zuwa 14 kafin ta ɓullo, galibi a ƙafa, kamar farin zare. Karen da ke da ita idan ya shiga tafki ya zuba dubban 'ya'yanta, sai a koma gidan jiya. Cutar da ta kama mutum kusan miliyan uku da rabi a 1986, yanzu ba ta kai mutum 20 a shekara a duk duniya, kuma karnuka na cikin manyan abin da ya hana a gama da ita. Saboda haka mata masu gyaran kifi, daga madatsar ruwa ta Lagdo har kogin Logon, su binne kayan cikin ko su ƙone. Wanda ya ga farin zare na fitowa daga ƙafar karensa kada ya fizge shi. Ya ɗaure karen nesa da ruwa, ya sanar da ma'aikatan lafiya.

Ruwa kuwa, kare na shan kimanin mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa, wato kusan lita ɗaya ga mai kilo 15, kuma a bazara ya kan ninka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, karnuka da yawa ba cuta ke kashe su ba, rana ce. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ɗakin da aka yi masa da kwanon rufi ba taga, ko tsohuwar ganga, tanda ce da tsakar rana. A yi masa rumfar zana ko a ajiye shi ƙarƙashin darbejiya, kuma a tuna inuwa tana tafiya: inda ke da sanyi da hantsi zai iya zama rana tsaka da azahar. Kaskon ƙasa ya fi roba da ƙarfe riƙe sanyin ruwa, kuma ba ya kifewa da sauƙi. Zafin jikin kare na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. Idan ya kai 41 yana bakin mutuwa. Alamarsa haki ba tsayawa, harshe ja wur a waje, dalala mai kauri, tangaɗi. A kai shi inuwa, a riƙa zuba masa ruwan randa a ciki, hammata da tafin ƙafa, a yi masa fifita, sannan a nemi likitan dabbobi. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana kwance, zai shiga huhu.

Ɗaurin sarƙa dare da rana shi ke mai da kare mafaɗaci marar kan gado, wanda ba ya bambanta ɓarawo da almajiri. Tsarin da ya fi shi ne da rana yana cikin shinge mai inuwa, da dare a sake shi cikin katanga, ƙofa a rufe. Idan dole sai an ɗaure, sarƙar ta kai mita 3, abin wuyan ya zama na fata, yatsu biyu su shiga tsakaninsa da wuya. Waya da igiyar leda suna yanka fata, kuma kwikwiyo yana girma abin wuya ba ya girma, har ya nutse cikin nama ƙuda ya yi tsutsa a ciki. Masu zuba wa kare barkono ko ƙwaya wai don ya yi zafi, ba gadi suke koya masa ba, ciwon ciki da hauka suke sa masa, kuma na gida yake fara ciza.

Yanzu ga babbar magana, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana ana tare shi tsaf, tun daga 1885 da masanin kimiyya Luwi Fasto ya fara yi wa wani yaro allurar riga-kafinsa a Faransa.

Allurar riga-kafi ana yi wa kare da kyanwa suna da wata uku, a maimaita kowace shekara, a rubuta a kati, a adana katin tare da takardun gida. Ranar da karenka ya ciji ɗan maƙwabci, wannan katin ne zai raba ku rigima a gaban jauro ko lawan. A yi allurar a asibitin dabbobi ko wurin likitan da aka sani, domin maganin yana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har ya shiga jiki. Kwalbar da ta yini a aljihun mai talla a kasuwa ba a dogara da ita. Kuma wannan ba aikin gida ɗaya ba ne: sai an yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan gari kafin cutar ta daina yawo. An gwada an gani a Njamena. A 2012 an yi wa karnuka sama da 18,000 allura kyauta, a 2013 sama da 22,000, da haɗin gwiwar cibiyar binciken dabbobi ta unguwar Farsha a Njamena da masana daga Suwizalan, kuma a 2014 aka yi fiye da wata tara ba a samu mahaukacin kare ba a birnin. Daga baya cutar ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje, abin da ke nuna aikin ba na shekara biyu ba ne. Kisan karnuka da guba, wanda akan yi idan hankali ya tashi, ba ya maganin komai. Yana kashe har waɗanda aka yi wa allura, da ungulu da kyanwoyi, sannan cikin 'yan watanni sababbin karnuka marasa allura su cike gurbin.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba, kuma nan ne mutane ke faɗawa. Akwai mai faɗa: ya canza hali, ya ciji itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryar haushinsa ta dishe, ya bar gida ya yi ta tafiya. Akwai kuma mai shiru: ya lafe a lungu, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki a buɗe, dalala na zuba, ya kasa haɗiya. Sai mai gida ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin yana lalube. Kada a yi haka ko kusa. Tsoron ruwa da ake faɗa alamar mutum ce, kare mai cutar yana iya zuwa bakin kasko. Kyanwa mai cutar kuwa takan ɓuya ƙarƙashin gado ta yi tsalle ta kama fuska ko ƙafa, kuma yaƙushinta abin kula ne domin tana lasar faratanta.

Idan an yi cizo, abu na farko ruwa da sabulu. A wanke wurin ana zuba ruwa ana cuɗawa minti 15 cur, a duba agogo, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Sabulun wanki na gida ya isa. Bayan nan a shafa maganin rauni na Bétadine ko barasar asibiti. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko ƙonannen gashin karen, kada a ɗaure da tsumma, kada kuma a matsa wa ma'aikacin asibiti ya ɗinke nan take. A tafi asibiti a ranar. Allurar mutum ba guda ɗaya ba ce: akwai tsarin da ake yi a ranar farko, ta 3 da ta 7, akwai wanda ake yi a ranar farko, ta 7 da ta 21, kuma wanda ya yi ta farko ya ga ciwo ya warke ya daina zuwa bai gama kare kansa ba. Idan cizon ya yi zurfi, ko a fuska, wuya ko yatsu yake, akwai wani ruwan magani na daban da ake tsirawa a bakin raunin. A Garwa akwai reshen Cibiyar Fasto ta Kamaru, a nan ko a babban asibiti za a nuna wa mutum inda zai samu. Cutar takan kwanta wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, don haka wanda aka ciza da daɗewa bai yi allura ba, har yanzu ya je.

Karen da ya yi cizo kuma, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, kada a kashe shi. A tsare shi, a ba shi ci da sha, likitan dabbobi ya duba shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya kwana 10 ne, masu bin tsarin Faransa sukan kai 15. In ya wuce wannan lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jira kwanakin su cika kafin a fara allura, tare ake yi. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada yara su ja gawar, kada a feɗe. A sanar da ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan a kai ɗakin bincike. Iyaye kuma, don Allah a daina dukan yaro saboda kare ya cije shi. Yaron da ya san bulala na jiransa zai saki wando ya rufe ciwon ya yi shiru, kuma irin waɗannan ne ake kawowa asibiti bayan wata biyu, lokacin da ba abin da za a iya yi.

Sauran alluran a taƙaice. Kwikwiyo yana karɓar ta farbo da ta ɗimuwar kare (cutar da ke farawa da zazzaɓi da majina, ta kan kai ga jijjiga) yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita kowane mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Farbo shi ne amai da zawon jini mai ɗoyi da ke kwashe 'yan kwikwiyo cikin kwana biyu uku. Ƙwayarsa tana yin watanni a ƙasa, shi ya sa gidan da wani ya mutu, in aka kawo sabo shi ma ya bi. A wanke siminti da kwanoni da ruwan jabel, wato bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, kuma kada a kawo wanda bai gama allura ba. 'Yan kyanwa suna karɓar tasu a mako 8 ko 9, a maimaita a mako 12.

Maganin tsutsa ana ba kwikwiyo a mako 2, 4, 6 da 8, sannan kowane wata har wata shida, daga nan kowane wata uku. A tabbata akwai firazikwantel a ciki, miligiram 5 ga kowane kilo, don shi ke kashe tsilar da muka ambata. Kuma a auna dabbar, mutum ya hau sikeli da ita ya sauka ya hau shi kaɗai, a cire. Kashin kare a kwashe kullum a zuba a masai. Yaran da ke wasa ba takalmi a yashi mai laima sukan samu wani jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya ƙarƙashin fatar ƙafa, daga kashin kare da kyanwa yake.

Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin kwano take zama, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, saboda haka wanke kare kaɗai aikin banza ne in ba a share makwancinsa an liƙe tsagogin ba. A riƙa duba cikin kunne, tsakanin yatsu da wuya. In dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja ko baƙi, ko yana haɓo, zazzaɓin kaska ne, na likita ne. Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da aka yi wa fitsari, tsutsarsa ta shiga fatar kwikwiyo ta yi maruru mai ɗan rami a tsakiya; a toshe ramin da man basilin, bayan ɗan lokaci a matsa a hankali ta fito. Bakin kunnen da ƙudaje ke ci har ya yi jini shi ma a wanke a shafa basilin kullum.

Abin da ya fi cutar kashe dabbobin gida a wannan yanki namu na auduga shi ne maganin da aka ba su da kyakkyawar niyya. Maganin feshin gona ba na wanka ba ne, kuma galan ɗinsa ba ya zama kwanon sha ko an wanke. Maganin kaskar shanu an auna shi ne don saniya. Magungunan kashe ƙwari na fermetirin da sifermetirin suna kashe kyanwa, ko da jikin karen da aka shafa wa ta goga; za ka ga tana karkarwa tana jijjiga. Maganin kaska da ƙuma mai suna fifronil shi ne ya dace da su biyun, ban da 'yan ƙasa da mako 8. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Baƙin man inji da ake shafa wa kirci yana ƙona fata, dabbar ta lashe ta sha guba. Maganin ɓera mai tsinka jini kuma ba ya nunawa sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin an manta an zuba. Maganinsa bitamin K1 ne na makonni. Gidan da ke da kyanwa ya zaɓi ɗaya, ko ita ko gubar.

Haihuwa ita ce ke cika juji da karnukan da ba su da mai su. Karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, kowanne kimanin mako uku, cikinta kwana 63. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu har sau uku a shekara. Wanda ba ya son 'ya'ya ya kai a yi wa macen aikin cire mahaifa, namijin a yi masa fiɗiya a asibiti da allurar barci, ba da reza a bayan gida ba. Karen da aka fiɗiye ba ya daina gadi, yawon bin mata da faɗa ne ke raguwa. Muzuru kuma ya rage fitsari a bango da kukan dare. Allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa karya tana tara ruɓa a mahaifa. 'Ya'yan kuma kada a raba su da uwa kafin mako 8.

Zaman kare da kyanwa a gida ɗaya ba shi da wuyar da ake zato, in an haɗa su tun suna ƙanana, kwikwiyo kafin ya kai wata uku, 'yar kyanwa kafin wata biyu. In manya ne, a raba musu wuri na kwanaki suna jin ƙanshin juna, sannan a haɗa su kare na riƙe a igiya, bayan ya ci ya ƙoshi. Kyanwa ta samu wurin hawa da kare ba ya kaiwa, kan katanga ko rumbu, a can kuma za a riƙa ajiye mata abinci, in ba haka ba kare zai cinye. Haka ake saba masa da kaji da zabi: duk lokacin da ya zabura a tsawata masa nan take da kalma guda da kowa a gidan zai riƙa amfani da ita. Dukan da aka yi bayan awa ɗaya bai san na mene ne ba. Yara su san ba a taɓa kare yana ci, yana barci ko yana kan 'ya'yansa, kuma in baƙon kare ya taso, a tsaya cak, hannu a jiki, kada a ruga. Jariri ba a barinsa shi kaɗai da kowannensu.

Kyanwa tana son yashi, in ba a ba ta nata ba za ta yi a tulin yashin gini inda yara ke wasa, ko cikin hatsin da aka shanya. A ajiye mata tsohuwar roba mai faɗi da yashi a lungu, nesa da madafa da abincinta, a kwashe kullum, domin ƙwayar toksofilasma da ke kashinta sai ta kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, saboda cutar tana taɓa ɗan tayi, amma ba sai an kori kyanwar ba. In kuma aka ga gashin 'yar kyanwa na zubewa a zagaye, makero ne, yana hawa kan yara. A raba su har a yi magani.

Malam Edita, roƙonmu gare ka shi ne duk shekara, kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, jaridarka ta nemi ofisoshin ma'aikatar kiwo da na magajin gari su ba ta ranaku da wuraren da za a yi wa karnuka da kyanwoyi allura, ta buga su da Hausa, unguwa-unguwa. Masu martaba lamidai da limamai kuma su sa a yi shela a masallatai da kasuwanni, kamar yadda ake yi wa allurar shanu, a kuma faɗa wa iyaye su bar yaran da karnukan suka saba da su su riƙo su, babba na biye, domin karen da bai yarda da mai gida ba sau da yawa yana bin ɗan shekara goma har gaban mai allura.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.